Makarantar Sana'a: Ba a Cinikin Biri a Sama

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata, makon nan muna so mu yi magana da ku a kan wata 'yar makaranta wadda da yawa daga cikinku kun sha wuce ƙofarta ba ku ko waiwaya ba. Ita ce makarantar koyon sana'a ta Gwamnati, wadda a takarda ake kira Kwalejin Fasaha, a bakin jama'a kuwa Teknikal. Ba ta da dogayen benaye irin na jami'a, ba a buga hoton ɗalibanta a jarida ran da suka gama, manyan ƙasar nan kuwa ba su kai 'ya'yansu can. Amma duk wanda ya taɓa neman mai ja masa wuta zuwa rumfa, ko mai gyara masa firijin da yake sayar da ƙanƙara, ko mai ɗora masa ƙofar ƙarfe a shago, ya san amfanin abin da ake koyarwa a cikinta.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, a shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta yi shela, ta ce karatu a makarantunta na sana'a ya zama kyauta, har ma za a riƙa ba ɗalibi ɗan alawus kowane wata. Mu ba mu ƙin alheri don ya fito daga hannun abokin hamayya. In Gwamnati ta yi daidai, za mu ce ta yi daidai. Amma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin ba a cinikin biri a sama. Sai an sauko da shi, an duba, sa'an nan a yi tayi. To, bari mu sauko da wannan alkawari ƙasa, mu jujjuya shi tare da ku, mu ga abin da ke cikinsa.

ME AKE KOYARWA A CIKI?

Da farko ya kamata kowane uba da kowace uwa su san yadda makarantar take. Yaro kan shiga bayan ya gama shekara 3 ta ƙaramar sakandare, ya kuma yi shekara 3 a ciki. Tun shigarsa zai zaɓi sana'a guda ya riƙe. Akwai kanikanci, da walda da ƙere-ƙeren ƙarfe, da wayarin na wutar lantarki, da gini da aikin kankare, da kafinta, da aikin famfo, da gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, da fenti, da ɗinki, da girke-girke, da gyaran kwamfuta. A sabon tsarin da aka fitar a 2025 an jera sana'o'i 26, har da haɗa wutar sola. Ban da aikin hannu, ana koya wa yaro lissafi da Turanci da kimiyya, gama wanda bai iya awo ba ba ya yanka katako daidai, wanda bai iya karanta zanen gini ba kuwa har ya tsufa yaron wani ne.

In ya kai ƙarshe sai ya zauna jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, hedkwatarta tana Benin. Wanda ya ci, sai a ba shi takardar shaida da ake kira NTC. Waɗanda suka bi ɓangaren kasuwanci, watau ajiyar lissafi da aikin ofis, tasu ita ce NBC. Kafin a kafa wannan hukuma iyayenmu jarrabawar City and Guilds ta Landan suke zama. Wata hukuma kuma, NBTE, wadda aka kafa a 1977 a Kaduna, ita ke tsara abin da za a koyar, ita ke dubawa ta ga ko makaranta ta cancanta.

Ku lura da wannan da kyau. Mai takardar NTC, in ya ci darussan da ake bukata, yana iya zana jarrabawar JAMB ya wuce Foliteknik, ko ma jami'a. Saboda haka masu ce muku wanda ya shiga Teknikal ya rufe wa kansa ƙofar karatu, ba su san abin da suke faɗa ba. Shi ne ma ke da hanya biyu. In hali ya yi ya ci gaba da karatu, in bai yi ba ya ɗauki kayan aikinsa ya nemi abinci. Ɗan'uwansa da ya gama sakandare ta zalla, in bai sami gurbi a jami'a ba, sai ya dawo gida da takarda kurum.

Waɗansu makarantun na Tarayya ne, kamar ta Dayi a ƙasar Malumfashi, da ta Zuru, da ta Kafanchan, da ta Michika, da ta Jalingo. Mafi yawa kuwa na jihohi ne, kamar na Wudil da Bagauda da Ungogo a Jihar Kano, da ta Malali a Kaduna, da ta Bukuru a Filato. In aka haɗa su duka, ƙasa baki ɗaya, ba su kai 200 ba, alhali manyan sakandare na zalla dubbai ne. Ƙananan hukumomin ƙasar nan 774 ne. Ku yi lissafin da kanku, za ku ga galibinsu ba su da ko guda.

DAGA INA AKA TASO?

Kada wani ya ce muku Bature ne ya koya mana sana'a. Tun kafin ya san hanyar ƙasar nan muna da maƙera da masaƙa da dukawa da majema da magina, kowace sana'a da sarkinta da unguwarta. Marinar Ƙofar Mata tana nan a Kano, kowa na iya zuwa ya gani. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, har yau masanan gini na zuwa kallonsa. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa ayari ke ɗaukarta ya ƙetare Sahara da ita.

Da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Gwamnati ta farko a Nasarawa ta Kano a 1909, ya sa sashen sana'a a ciki, ana koyar da dukanci da ƙira da kafinta. Amma abin da mulkin mallaka ya fi bukata shi ne akawu da malamin haraji da malamin makaranta, masu riƙe masa littafin En'e. Don haka aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aka ɗaukaka mai alƙalami, aka bar mai guduma a baya. Tun daga nan ciwon ya samo asali: yaro ya ga mai farar riga a ofis shi ake gaisarwa, mai baƙin mai a hannu kuwa shi ake aike.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin shirin raya ƙasa na shekara goma da aka soma a 1946, aka tashi kafa makarantun sana'a sosai. Aka buɗe ta Yaba a Ikko a 1947, aka buɗe ta Bukuru a 1953, aka buɗe ta Kaduna a 1956, wadda daga baya ta girma ta zama Foliteknik ta Kaduna. A 1960, shekarar samun mulkin kai, kwamitin Ashby da aka naɗa ya duba ilmin ƙasar nan ya yi gargaɗi, ya ce karatunmu ya karkata wajen littafi, ƙasa kuwa tana bukatar ƙwararrun masu aikin hannu.

A wancan zamani ɗan Teknikal ba ya yawon neman aiki. Masaƙar Kaduna ta soma aiki a 1957, waɗansu suka biyo ta har Kakuri ta cika. Ga Reluwe, ga ma'aikatar ayyuka, ga hukumar lantarki, ga masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Ɗan manomi ya shiga makaranta da 'yar akwatinsa, ya fito ya zama fita ko makaniki, ya riƙe iyayensa, ya sa ƙannensa a makaranta. Gidaje da yawa a Tudun Wada da Fagge da Sabon Gari da wannan gumi aka gina su.

YADDA AKA MAI DA ITA MARAINIYA

A 1982 aka soma tsarin nan na 6-3-3-4, da niyyar kowane yaro ya taɓa aikin hannu tun yana ƙaramar sakandare. Niyyar ta yi kyau. Aka kashe kuɗi mai yawa aka sayo injuna daga ƙasashen Turai, aka rarraba. Amma ba a tanadi wuta ba, ba a gina ɗakunan aiki isassu ba, ba a horar da malaman da za su kunna injunan ba. Da yawansu a cikin akwatunan da suka zo suka yi tsatsa, waɗansu aka sace. Muna tuna muku wannan ne don ku san ba yau aka fara yi wa makarantar sana'a alkawari ba.

Sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, kayan waje suka cika kasuwa, wuta ta zama sai an gani. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Da masana'antu suka mutu, sai uba ya duba ya ce, in na kai ɗana Teknikal ina zai yi aiki? Ɗalibai suka ragu, Gwamnati ta fake da raguwarsu ta rage kuɗi, raguwar kuɗin ta daɗa korar ɗalibai.

Ga kuma wani abu da ba a cika gaya muku ba, shi ne kuwa tushen maganar. A ƙasar nan akwai manyan asusai biyu na ilmi. Na ɗaya shi ne na hukumar UBEC, wanda dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, amma iyakarsa firamare da ƙaramar sakandare. Na biyu shi ne harajin ilmi da aka ɗora wa ribar kamfanoni a 1993. Da farko kowane mataki na ilmi yana samun rabo a ciki, amma dokar 2011 da ta kafa TETFund ta keɓe shi ga jami'o'i da Foliteknik da kwalejojin horon malamai. To, ina makarantar sana'a? Ta yi wa asusu na farko girma, ta yi wa na biyu ƙanƙanta. Aka bar ta a tsakiya kamar marainiya a gidan kishiyoyi, kowace na cewa ba 'yarta ba ce.

Alhali kuwa ita ce makarantar da ta fi kowace cin kuɗi. Malamin tarihi da allo da alli ya gama. Malamin walda fa? Yana bukatar inji, da wuta, da ƙarfe, da sandar walda wadda ke ƙonewa kullum, da tabarau da safar hannu ga kowane yaro. Malamin kafinta yana bukatar katako da ƙusa, malamin gini yana bukatar siminti da yashi. In babu waɗannan, sai malam ya zana injin a allo, yara su kwafa a littafi, su haddace, su fito da takarda ba su taɓa riƙe abin da hannunsu ba. Wa zai ba irin wannan yaro motarsa ya kwance?

Bayan wannan kuma ga wulakancin da ake yi wa wanda ya daure ya ci gaba. Shekara da shekaru mai babbar difloma ta Foliteknik, in ya shiga aikin Gwamnati, ana ajiye shi a bayan mai digiri, a kuma tsai da shi a wani mataki ko da ya fi kowa iya aikin. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa hannu ba. Talaka yana kallo, yana kuma ganewa.

Ga sakamakon nan kowa na gani. Mai kuɗi in zai shimfiɗa tayil ko ya yi wa silin ado, sai ya aika a kirawo masa ma'aikata daga Togo ko Kwatano. Ba mu da faɗa da waɗannan bayin Allah, sun koyi aikinsu ne sun iya. Amma a ce ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, samarinta na zaune a bakin titi, ta rasa masu jera mata tayil? Bututun iskar gas da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, tsawonsa kilomita 614 ne, kowace gaɓa tasa kuwa sai ƙwararren mai walda. Muna so a gaya mana, 'ya'yan garuruwan da ya ratsa nawa ne aka horar don wannan aiki?

ALKAWARIN 2025

A ƙarshen watan Mayu na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ƙaddamar da sabon shiri. Aka ce an ɗauke wa iyaye kuɗin makaranta da na kwana da na tufafi da na littattafai a makarantun sana'a na Tarayya. Aka ce kashi 80 cikin 100 na lokacin yaro zai tafi a aikin hannu, 20 a aji. Aka ce wanda ya gama za a ba shi kayan fara sana'a. Aka kuma gargaɗi shugabannin makarantu kada su karɓi kuɗin da ba a yarda da shi ba.

Ku ji abin da ya biyo baya, gama a nan darasin yake. A 2024 waɗanda suka nemi shiga waɗannan makarantu ba su kai 8,000 ba. A 2025, da aka ce kyauta ne, sai suka doshi 30,000. Gajerun kwasa-kwasan koyon sana'a da aka buɗe wa matasa kuwa, waɗanda suka nema sun haura miliyan ɗaya. Shekara nawa manya suna zaune a ofis suna cewa talaka ba ya son sana'a, wai kowa ofis yake so? Ashe ba ƙi ya yi ba, kuɗin ne babu. Da aka ɗaga masa dutsen, ga shi ya fito da 'ya'yansa. Wannan ƙarya dai ta mutu, kada a sake tono ta.

Amma jarrabawar shigar ta tona wani asiri. Cikin yaran da suka zauna ta a 2025, waɗanda suka sami rabin maki ba su kai rabi ba. Laifin ba na yaran ba ne. Laifin na firamaren da ke da yara ɗari a aji guda ne, wadda ba ta koya musu karatu da lissafi ba. In aka ce maki kaɗai za a duba, 'ya'yan masu hali da suka yi makarantar kuɗi su ne za su cinye guraben, ɗan ƙauye kuwa ya koma gida.

Sai batun alawus. Da farko shugaban hukumar NBTE, Farfesa Idris Bugaje, ya ambaci naira 45,000 a wata. Daga baya aka ji naira 22,500. Ku 'yan kasuwa, in mutum ya yi muku tayi da safe, da rana ya dawo da rabi, me kuke kiransa? Naira 22,500 in aka raba ta kwana 30, naira 750 ke nan a yini. Ba ta kai sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 ba. Ga yaron da ke kwana a makaranta ana ci da shi, za ta taimaka da sabulu da kuɗin mota. Ga wanda ke jeka-ka-dawo, bayan cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota kaɗai na iya lashe ta. Duk da haka ba mu raina ta ba, in dai za ta zo, kuma ta zo a kan kari.

Takardar da ta jera abin da aka ɗauke wa iyaye, a kan makarantun Tarayya ta yi magana. Mafi yawan makarantun kuwa, kamar yadda muka ce, na jihohi ne, albashin malamansu da kayan aikinsu daga baitulmalin jiha suke fitowa. Saboda haka kowane Gwamna, ko na wace jam'iyya ne, yana da amsar da zai ba ku.

Ku kuma rarrabe tsakanin kyauta da bashi. Wanda ya gama ya wuce Foliteknik yana iya neman rancen NELFUND, bisa dokar 2024. Ana biya masa kuɗin makaranta, a ba shi naira 20,000 a wata, ba ruwa a kai. Amma bashi ne, za a soma cire kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa. Haka nan dala miliyan 200 da Bankin Duniya ya amince da su a 2020 don gyara makarantun sana'a, a shirin da Kano da Gombe ke ciki, rance ne, da harajinku za a biya. Tun da ku za ku biya, kuna da ikon tambaya a nuna muku abin da aka saya.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, a bayyana lissafi. Kowace makaranta ta manna a ƙofarta yawan ɗaliban da ta ɗauka, da yawan waɗanda aka biya alawus, da ranar da aka biya. A kuma karanta shi a rediyo da Hausa da sauran harsunan jama'a. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Na biyu, a mai da shelar doka. Shelar Minista tana tafiya tare da Minista. Muna so Majalisa ta yanka wa makarantun sana'a rabo tabbatacce daga kuɗin ilmi, wanda ba mai iya taɓa shi, kamar yadda aka yi wa firamare da jami'a.

Na uku, kafin a yi wa bango fenti a kira 'yan jarida, a fara sa wuta a ɗakin aiki, ko ta sola ce, a kuma ware kuɗin ƙarfe da katako da siminti kowane zango. Kashi 80 na aikin hannu ba ya yiwuwa da hannu wofi.

Na huɗu, a nemo malamai, a biya su abin da zai riƙe su. Ƙwararren mai walda ba zai bar abin da yake samu a kasuwa ya zo ya zauna jiran albashin da ba ya isa ba. Ga gwanaye nan a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, waɗanda ke ƙera injin niƙa da na casa da hannunsu. A gwada su, a ba su takardar shaida, a kawo su su koyar, a biya su da mutunci.

Na biyar, a tsare ƙofar shiga. Kada gurbin ɗan talaka ya koma na mai takarda daga babban mutum. A ware wa 'yan mata rabonsu, da naƙasassu, da almajiran da suka sauke, a kuma buɗe ajin share fage ga yaran da firamare ta cuta.

Na shida, a soke bambancin difloma da digiri da doka, a bar iya aiki ya raba gardama.

Na bakwai, a ƙara yawan makarantun sannu a hankali, har ya zama ba ƙaramar hukumar da ba ta da tata.

SAURA NAMU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ma akwai abin da ya wajaba a kanmu. In ɗanka ya gama aji uku, hannunsa kuwa na son kwance rediyo da keke, kada ka ce sai ya zama lauya. Tambayi shugaban makarantarsa yaushe ake cika takardar jarrabawar shiga Teknikal, ka shirya tun da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yarka ma haka. Mace mai ɗinki ko gyaran waya ko haɗa sola, ko an yi mata aure sana'arta na tare da ita, in miji ya faɗi ba ta rasa abin da za ta ci da marayu.

In an ce ku kawo kuɗi a makarantar da aka ce kyauta ce, ku tambayi na mene ne, ku nemi rasit, ku ajiye. In an hana ku rasit, ku kai magana ga ƙungiyar iyaye, ku kuma sanar da reshen jam'iyya na unguwarku, mu kuwa za mu bincika mu buga. Ku shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin makanikai da kafintoci da teloli, ku naɗa mutum biyu ko uku su ziyarci makarantar da ke kusa da ku kowane zango. Kada su tsaya a ofis. Su ce a kai su ɗakin aiki, a kunna injin su ji ƙararsa, su ƙidaya yara nawa ke kan inji guda. Gani ya kori ji. In an turo muku ɗalibai lokacin hutu don sanin makamar aiki, ku karɓe su, ku koya musu tsakani da Allah, kada ku mai da su 'yan aiken sayen abinci.

In kuma lokacin zaɓe ya zo, masu neman ƙuri'a suka shigo kasuwa da atamfa da taliya, ku tambaye su abu uku. Makarantar sana'a nawa ce a mazaɓarka? Yaushe rabonka da shiga cikinta? Nawa ka sa mata a kasafin kuɗi? Wanda ya kasa amsawa, na wace jam'iyya ne, har da tamu, bai cancanci ƙuri'arku ba.

Jama'a, alkawari kaya ne. Gwamnati ta ɗauka da bakinta, ba wanda ya tilasta ta. Talakawa sun cika nasu, sun kawo 'ya'yansu dubu bisa dubu. Mu kuwa za mu riƙa ƙidaya wata-wata, mu faɗa muku abin da aka biya da abin da aka hana, har ran da yaron Dayi da na Wudil da na Zuru zai fito da takarda a aljihu da aiki a hannu. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa su ci guminsu, amin.